Ƙuri'a huɗu: yadda na nemi tikitin majalisar jiha a 2022

Ofishin jam'iyyarmu na mazaɓa shago ne guda a bakin kasuwa, tsakanin mai injin niƙa da mai cajin waya. Shekara huɗu mukullinsa yana aljihuna, domin ni ne sakatare. Abin da ke ciki bai wuce benci biyu, da tebur mai ƙafa uku da aka tokare da bulo, da wata jakar bakko cike da ragowar fastoci da littafin rajistar 'yan jam'iyya ba. In na ƙirga ranakun da na buɗe ƙofar nan don taro na gaskiya, wanda aka zauna aka tattauna wani abu har aka rubuta, ba za su cika yatsun hannu biyu ba. Sauran buɗewar duk ta rabo ce: an aiko da shinkafar azumi, an aiko da atamfa, ko wani mai neman kujera zai zo gaisuwa.

Ba zan kama sunan jam'iyyar ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba. Abokaina da suka nemi takara a wasu jam'iyyun a shekarar, da muka zauna kowa ya baje labarinsa, launin tuta ne kaɗai ya raba mu.

Na shiga jam'iyyar a kakar zaɓen 2015, ina da shekara 22, ban daɗe da gama kwalejin ilimi ba. Babu wanda ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Yayan wani abokina ya karɓi hotona guda biyu, bayan kwana uku ya miƙo mini kati. Aikina na farko liƙa fasta da koko cikin dare, na biyu zama ejan a akwatin ƙofar gidan mai unguwa, tun hantsi har aka ƙirga ƙuri'a da fitilar waya. Da aka ga rubutuna yana karantuwa kuma ba na yar da takarda, sai aka ba ni sakataren mazaɓa. Shi ma ba zaɓe aka yi ba. An kira ni zauren ciyaman bayan isha'i, aka ce an ba ni. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa riƙe kundin tsarin mulkin jam'iyyar a hannuna ba, sai ranar da na je shagon kwamfuta aka sauko mini da shi daga intanet, na biya kuɗin bugawa daga aljihuna, saboda zan shiga takara. In sakatare bai taɓa ganinsa ba, ina ga wanda kati kawai gare shi?

Sana'ata sayar da taki da maganin feshi. Manoma a shagona suke yini, kuma zancen ba ya wuce uku: gadar da ruwa ya cinye wadda ta raba ƙauyuka da kasuwa, asibitin da ba shi da mai kwana, da sakandaren 'yan mata da aka kafa harsashinta aka watsar. Su suka fara ce mini in fito. A lokacin shekaruna 29. Da a ce gyaran tsarin mulkin da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu, 2018 bai rage shekarun takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25 ba, da ko fom ba za a sayar mini ba. Na ɗauka ƙofa ta buɗe. Sai dai tsarin mulkin 1999 bai san ɗan takara mai zaman kansa ba. Dole wata jam'iyya ce za ta tsayar da kai. Duk yawan masoyanka, ta ƙofar wannan shagon mai benci biyu za ka bi.

Kuɗin fom a shekarar ba ɓoyayye ba ne, jaridu duk sun buga. APC ta sa naira miliyan 100 ga mai neman shugaban ƙasa, miliyan 50 gwamna, miliyan 20 sanata, miliyan 10 majalisar wakilai, miliyan 2 majalisar jiha. PDP ta sa miliyan 40 ga shugaban ƙasa, miliyan 21 gwamna, har zuwa dubu 600 na majalisar jiha. An yi wa matasa da mata rangwame. Mafi ƙarancin albashi a lokacin dubu 30 ne, wato miliyan 2 albashin fiye da shekara biyar da rabi ke nan na ƙaramin ma'aikaci, bai ci ba bai sha ba. Amma wanda bai shiga ba ne yake zaton fom shi ne tsadar. Bayan fom akwai kuɗin gudanarwa na ofishin jiha, akwai na ƙaramar hukuma, akwai takardar shaidar biyan haraji, akwai rantsuwar kotu, sannan uwa uba akwai tuntuɓa.

Na sayar da filin da na saya don gini, na sayar da bijimai biyu da nake kiwo. Ranar da na je sanar da mahaifina, ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba, sannan ya ce, "Na yarda ka nema. Amma kada ka ci bashi, kuma kada ka rantse wa kowa." Na riƙe duka biyun, kuma su ne abin da na tsira da shi.

Tuntuɓa ita ce gaisuwar masu ruwa da tsaki gida-gida, kuma a shekarar ta faɗo cikin azumi, domin Afrilun 2022 kusan duk Ramadan ne. Ba a zuwa hannu rabbana. Gero, sukari, dabino, da ambulan na kuɗin mota, ko da mutumin a zaurensa ka same shi ba inda za shi. Na shirya takarda mai shafi huɗu a kan abin da zan sa gaba in na je majalisa, na buga kwafi ɗari. A gidaje sama da arba'in da na shiga, mutum biyu ne suka buɗe ta a gabana. Sauran tambayarsu ɗaya ce, kowa da irin lafazinsa: "Honorabul, wa ya tsaya maka?" In na ce jama'a, sai a yi murmushi a ce Allah ya taimaka. Hajiya shugabar mata ce ta fito mini fili. Ta ce, "Ɗana, jama'a sai ranar babban zaɓe. Yanzu lokacin manya ne. Ka je ka nemo uban gida tukuna."

Wurin da jikina ya fara yin sanyi kuwa shi ne wajen cike fom. Ana bukatar sa hannun 'yan jam'iyya masu goyon bayanka, kowa da lambar katinsa. Na sauka daga sakatare kafin nan, amma wanda ya gaje ni ya ba ni aron littafin rajista. Na zauna a kan benci na buɗe shi. Ɓera ya ci gefen shafukan farko. Na ga sunan maƙwabcinmu da ya rasu shekara uku da suka wuce. Na ga sunan wata mata sau uku da lamba uku. Na ga shafi biyu cur na sunayen da duk garin babu mai irinsu. Wani dattijo da na je wa ya shiga ɗaki ya fito da katuna uku na jam'iyyu uku a cikin leda, ya ce in zaɓi wanda ya dace, shi bai san wanne ne wanne ba, kowanne da taliya aka kawo masa shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yawancin rubutun nawa ne. Ni na cike shafukan nan, a wani dare da aka aiko daga ƙaramar hukuma cewa lallai mazaɓarmu ta kawo adadi kaza kafin wayewar gari. Muka kwafo sunaye daga rajistar masu zaɓe, da suka ƙare muka ƙirƙiro. Akwai kuma ranar da ciyaman ya miƙo mini kati ya ce in rubuta wa wani bawan Allah, in mayar da kwanan watan baya da shekara biyu. Na rubuta, ban tambaya ba. A lokacin, dokar zaɓe ta 2022 ta wajabta wa kowace jam'iyya ta riƙe rajistar 'ya'yanta a takarda da kuma a kwamfuta, ta miƙa wa hukumar zaɓe kwana 30 kafin zaɓen fid da gwani. Doka ce mai kyau. Amma irin littafin da ke kan cinyata ne ake tattarawa daga mazaɓu a shigar a kwamfuta, kuma mazaɓu 8,809 ne a ƙasar nan. Na san yadda aka cike ɗaya daga cikinsu.

Tantancewa a wani otal aka yi ta a babban birnin jiha. Mu shida ne daga mazaɓar majalisarmu. Na kwana biyu ina bitar aikin ɗan majalisa: yadda ake gabatar da ƙudiri, yadda kasafin kuɗi ke bi ta kwamitoci, ikon majalisa na kiran kwamishina ya yi bayani. Tun ƙarfe tara na safe muke zaune a baranda, ba a kira ni ba sai bayan la'asar. Mutum biyar ne a bayan tebur. Ɗaya ya duba takardar sakandare, domin abin da tsarin mulki ya nema ke nan, ɗaya ya duba rasit ɗin banki, ya ɗaga shi sama yana hasko shi. Shugaban kwamitin ya ce, "In jam'iyya ta ce ka janye, za ka janye?" Na ce, "Ranka ya daɗe, in an yi adalci zan bi." Ya rubuta wani abu. Ko minti biyar ban yi a ɗakin ba. Babu wanda ya tambaye ni shekara nawa na yi a jam'iyya, ko wane aiki na taɓa yi mata, balle me na sani game da kujerar da nake nema.

A barandar nan na fara ganin wanda daga baya aka ba tikitin. Ɗan kwangila ne, asalinsa ɗan yankinmu, amma a Abuja yake zaune. Ba ni da abin da zan faɗa a kan halinsa, ya gaishe ni da mutunci har ya tambayi mahaifina. Sai dai kowa ya san watanni uku kafin nan yana wata jam'iyyar, ya nemi tikiti a can ya ga ba haske, ya sauya sheƙa. Kundinmu ya gindaya wa sabon shiga wa'adi kafin ya nemi takara, amma kundin ya kuma ba shugabanni ikon ɗage wa mutum sharaɗin, kuma an ɗage masa. Shi ne ya biya bashin hayar ofishin ƙaramar hukuma na shekara biyu, ya sake masa fenti, ya saya wa ciyamomin mazaɓu babura. Mu da muka yi shekara bakwai muna liƙa fasta, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na daɗe ina jin haushin baburan nan kafin in fahimci cewa ba su ne tushen cutar ba. A shekara huɗun da na yi ina sakatare, ko naira ɗaya ban taɓa karɓa daga hannun ɗan jam'iyya da sunan kuɗin wata ba, alhali yana rubuce a kundi. Jam'iyyar da 'ya'yanta ba sa ciyar da ita, dole wani ya ciyar da ita, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ciyaman ɗin mazaɓa ba shi da albashi, ba shi da asusu, mai shago yana binsa haya, 'yan jam'iyya suna binsa da katin asibiti da na suna. Ranar da wani ya zo ya sauke masa wannan kaya, me kake tsammani zai ce in an zo maganar tikiti?

A lokacin, dokar zaɓen ta ba jam'iyyu hanya uku ta fid da gwani: 'yar tinƙe, inda duk mai kati zai jefa ƙuri'a, ta daliget, wato wakilai, ko maslaha. Mu ta daliget aka ce za a bi. A shekarar kuma an sami wani sauyi da ya ƙara ƙuntata abin. A da, shugabannin jam'iyya da zaɓaɓɓu da tsofaffin masu riƙe da muƙamai suna da ƙuri'a kai tsaye. Sashe na 84 na sabuwar dokar ya ce sai wakilan da aka zaɓa musamman don wannan aiki. Majalisar tarayya ta yi gyaran gaggawa a watan Mayu don a mayar da waɗancan, amma shugaban ƙasa bai sa hannu ba har aka gama zaɓukan. Wata jam'iyyar wakilai biyar take ɗauka daga kowace mazaɓa, wata uku. A wajenmu, mutanen da za su yanke wa dubban masu zaɓe wanda zai riƙe tuta ba su kai sittin ba.

Ranar da aka sa don zaɓen waɗannan wakilai, na tara magoya bayana a ƙofar ofishin mazaɓarmu tun ƙarfe takwas. Mun fi mutum ɗari, har da mata da goyo, ga zafin Mayu. Muka jira kwamitin da aka ce an turo daga jiha. Azahar ta yi, muka yi salla a masallacin kasuwa muka dawo. La'asar ta yi. Wajen ƙarfe biyar wani ya nuna mini hoto a WhatsApp: takardar sakamako ce, da sunayen wakilan mazaɓarmu, da sa hannu, da hatimi, an rubuta cewa an yi zaɓe lami lafiya. A cikinsu akwai direban ciyaman da ƙanin matarsa. Na juya na kalli matan nan da suka yini a rana, na rasa da wane baki zan gaya musu. Wata tsohuwa ta ce, "Malam, an fasa ne?" Na ce, "Inna, an gama." Ta gyara mayafinta ta tafi, ba ta ƙara ko kalma ba.

Saura kwana uku zaɓe aka kira mu shida gidan wani jigo. Aka yi addu'a, aka yi dogon jawabi a kan haɗin kai, sannan aka ce manya sun duba sun ga maslaha ta fi, kuma daga sama an nuna wanda ake so. Aka raba mana takardar janyewa, an riga an buga sunan kowa, sa hannu kawai ya rage. Dalilin takardar shi ne doka ta ce maslaha ba ta tabbata sai duk waɗanda aka tantance sun amince a rubuce, in mutum ɗaya ya ƙi, sai an koma zaɓe. Huɗu suka sa hannu. An yi musu alkawarin mayar da kuɗin fom, da muƙamin mai ba da shawara in an kafa gwamnati. Da takardar ta iso gabana na ce, "Ranka ya daɗe, ina neman afuwa. Mutanen da suka sa ni fitowa ba sa ɗakin nan, ba zan iya janyewa a bayan idonsu ba." Ɗakin ya yi tsit. Jigon ya dube ni ya ce, "Yaro, kana da gobe. Kada ka ɓata ta." Ban ce komai ba, ban kuma sa hannu ba. Har na isa gida ƙafafuna suna rawa.

Saboda ni kaɗai aka yi zaɓen. Washegari aka kwashe wakilan a motoci biyu zuwa wani masauki a wata ƙaramar hukumar, aka karɓe wayoyinsu. Na bi su da dare, masu gadi suka ce ba a shiga.

Ranar zaɓe, a ƙarshe-ƙarshen Mayu, an yi komai a tsare, kuma wannan ne abin da nake so mai karatu ya lura da shi. 'Yan sanda suna ƙofa, jami'an hukumar zaɓe sun zo sa ido, an kira sunan kowane wakili an duba katinsa, akwatin a fili yake, an ƙirga da ƙarfi kowa yana ji. Wanda ya zo ranar kaɗai zai rantse ba a yi maguɗi ba, kuma bai yi kaffara ba. Abu ɗaya na gani da idona: wakili zai rubuta sunan wanda yake so ne a takarda, da yawansu kuma ba su yi boko ba, sai a ce su zaɓi wanda zai rubuta musu. Duk mutum ɗaya suka riƙa zaɓa, yana tsaye da biro a gefen tebur. Na sami ƙuri'a huɗu. Har yau ban san ko su wane ne ba, ban kuma bincika ba, don kada in ja musu.

Bayan kwana biyu, da magariba, wani dattijo daga cikin wakilan ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Tela ne, ya haura saba'in, tun ina yaro yake ɗinka mana kayan salla. Na shimfiɗa masa tabarma. Ya ce, "Ɗana, ban zaɓe ka ba, kuma na karɓi kuɗi. Na zo in gaya maka da bakina kafin ka ji a bakin wani." Na ce, "Baba, ba komai." Ya ce, "Da komai."

Sai ya shiga ba ni labari. Mahaifinsa ɗan NEPU ne, jam'iyyar da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma ya sha ɗauri a hannun 'yan dokan En'e saboda ita. Shi kuma da ƙuruciyarsa ya yi PRP ta Malam Aminu Kano, mai alamar mabuɗi. Ya ce da kuɗinsa ya sayi kati. In za a yi taro, karo-karo suke yi, mai kwabo ya ba da kwabo, mai keke ya ba da aron keke. Da dare a zauna a zaure, wanda ya iya karatu ya karanta takardar jam'iyya, a fassara, a yi gardama, har mai faskare ya san dalilin da ya sa ake cewa a soke haraji da jangali. Da Abubakar Rimi ya ci Kano, Balarabe Musa ya ci Kaduna a 1979, aka kuwa soke su. Bai ɓoye mini cewa su ma sun yi rigimarsu ba, har jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo. "Amma ko da muka yi faɗa," in ji shi, "mun san a kan me muke faɗa."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wannan jam'iyyar taku, shekara takwas ina cikinta. Ba a taɓa kirana an tambaye ni ra'ayina ba. Ba a taɓa koya mini komai ba. Wanda muka zaɓa wancan karon, tun ranar da aka rantsar da shi ban sake ganinsa ba sai a fasta. Rana ɗaya tak a shekara huɗu ake sanin ina da rai. Matata tana kwance, an rubuta mana allurai. In na ƙi karɓa, wa zai san na ƙi? Kai kanka da kake sakatare, ka taɓa kirana taro?"

Ban taɓa ba. Na sunkuyar da kai.

Tun daga daren nan na daina zagin daliget. Ana yawan cewa su ne suka lalata siyasa, ana yi musu kirari da masu sayar da 'yanci, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Mutumin da aka bari shekara huɗu babu taro, babu karatu, babu wanda zai koma ya yi wa bayanin yadda ya jefa ƙuri'arsa, ba a ranar zaɓe za a nemi aƙida a wajensa ba. Da mutum ɗarin nan da suka yini a rana su suka zaɓe shi, da ya san zai dawo ya haɗa ido da su a masallaci.

Na rubuta ƙorafi ga kwamitin ɗaukaka ƙara na jam'iyya, na haɗa da hoton takardar nan da sunayen shaidu. An karɓa an buga hatimi, amsa kuwa har yau. Na je wajen wani lauya. Ya ce kwana 14 kacal tsarin mulki ya ba ni in shigar da ƙara a babbar kotun tarayya daga ranar da abin ya faru, kuma shari'ar tana iya kaiwa har kotun ƙoli. Ya ce ba a rasa nasara: ga Rotimi Amaechi, wanda ya ci zaɓen fid da gwani a Ribas aka musanya sunansa, kotun ƙoli ta ba shi kujerar gwamna a Oktoban 2007 alhali ba shi aka yi wa yaƙin neman zaɓe ba, ga Zamfara, inda a Mayun 2019 kotun ƙoli ta rushe duk nasarar APC saboda ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, kujerun suka koma hannun PDP. Sannan ya faɗi kuɗin aikinsa na matakin farko kaɗai, ya fi abin da na sayar da filina. Na tuna maganar mahaifina a kan bashi, na yi masa godiya na fito. Daga baya na bi shari'ar Yobe ta Arewa a rediyo, inda Bashir Machina ya yi nasara a kotu biyu, kotun ƙoli kuma ta ba Ahmad Lawan takarar sanatan a Fabrairun 2023. Na ce a raina, in mai wannan ƙarfin ya yi wata takwas yana hawa da sauka, ina ga mai sayar da taki.

Wasu sun ba ni shawarar in sauya sheƙa, akwai ƙananan jam'iyyun da za su ba ni tikiti a rana ɗaya in na biya. Na ga in na yi haka, abin da aka yi mini zan je in yi wa wani. Wasu sun ce mu yi zagon ƙasa a babban zaɓe. Shi ma na ƙi. Ranar 18 ga Maris, 2023 na je na jefa ƙuri'ata na koma shago.

Bayan an rantsar da gwamnati, gari ya yi shiru, ofishin mazaɓa ya koma rufe kamar kullum. Na je na sami sabon sakatare da ciyaman, na roƙe su aron mukulli ranar Asabar ɗin farko ta kowane wata. Ciyaman ya ce, "Taron me, ba zaɓe ba komai?" Na ce karatu za mu yi. Ya ce in dai ba za a zagi kowa ba. Na sayi sabon littafi mai bango mai tauri. Sharaɗin shiga cikinsa, mutum ya zo da ƙafarsa, ya faɗi sunansa da bakinsa, ya ajiye naira 200. A zaman farko mu goma sha bakwai ne. Na karanta shafi uku na kundin jam'iyya na fassara, muka tsaya a kan sashen da ya yi bayanin yadda ake zaɓen wakilai, aka yi ta tambaya har aka kira magariba. Wani matashi ya ce shi bai taɓa sanin ana zaɓensu ba, ya ɗauka naɗa su ake yi kamar masu unguwa. Akwai watan da mu shida ne kawai, akwai watan da benci bai isa ba aka aro tabarma. An kai ƙarata ƙaramar hukuma sau biyu cewa ina kafa ɓangare. Kuɗin da ke taruwa bai kai hayar shagon ba tukuna, rabi yake biya.

Wanda ya fara ajiye kuɗinsa a zaman farko telan nan ne. Ya zaro naira 200 daga aljihun gaba, ya warware ta a kan tebur, na rubuta sunansa a layi na ɗaya. Bai tashi ba. Na ce, "Baba, an gama." Ya ce, "Ina rasit?" Ban tanadi rasit ba. Na yago takarda daga bayan littafin, na rubuta sunansa da kwanan wata da adadin kuɗin, sakatare ya sa hannu ya buga hatimi. Ya karɓa ya ninke ta huɗu, ya cire hularsa ya sa a ciki, ya mayar da hular, sannan ya koma kan benci ya zauna.